Ajin zanen fasaha na yamma a hanyar Yelwa: ra'ayin mai walda bayan makonni takwas

Sana'ata walda ce, kuma na haura shekara 20 ina yin ta a cikin garin Bauchi, tun ina yaron shago mai riƙe wa maigida ƙarfe har Allah ya sa na buɗe nawa wurin. A damunar bara wani ɗan kwangila mai haɗa wa mutane wutar sola ya kawo mini aikin akwatunan ƙarfe guda shida na ajiye batir, ya miƙo mini takarda mai ɗauke da zanen da ya sauko da shi daga intanet, wanda ya ce a Amurka aka yi shi. Siffa uku ce a takardar: ɗaya a tsakiya, ɗaya a samanta, ɗaya kuma a damanta, kuma a jikin ta daman ne aka nuna ramuka biyu na shigar waya da tsagin shan iska. Ɗan abin da ya maƙale mini daga darasin fasaha na ƙaramar sakandare shi ne cewa siffar da aka ajiye a dama tana nuna abin da mutum yake gani idan ya tsaya a hagu, saboda haka na sa yarana suka huda akwatunan nan shida a gefen hagu. Ranar da aka kai su wurin aiki sai aka tarar ramukan suna kallon bango, wayoyin kuwa suna jira a ɗaya gefen. Na toshe, na sake hudawa, na sake fenti da kuɗin aljihuna, amma abin da ya fi asarar ci mini rai shi ne ban san inda na kuskure ba, domin a ganina abin da takarda ta ce shi na yi.

Wannan takaicin ne ya kai ni ajin zanen fasaha da wani malami mai ritaya yake gudanarwa a babban zauren gidansa, ba nisa da titin da ya nufi Yelwa. Ya daɗe yana koyar da wannan darasi a makarantun koyon sana'a kafin ya ajiye aiki, yanzu kuma yana ɗaukar ɗalibai na makonni takwas, kwana uku a mako, daga bayan sallar la'asar zuwa kiran magariba. Na yi rajista ni da babban yarona na shago, kuma kuɗin mu biyun bai kai abin da gyaran akwatunan nan ya ci ba. Mu 14 ne a ajin. Mafi yawa 'yan sakandare ne masu shirin jarabawar WAEC da NECO da NABTEB, cikinsu har da 'yan mata uku, sai wasu sabbin ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji waɗanda suka zo neman ƙarin haske, sai mu masu aikin hannu, wato ni da yarona da wani kafinta mai rufin kwano. Na ji nauyin zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana a ranar farko, amma an ce gemu ba ya hana ilimi, kuma kafin mako ya zagayo na daina tunawa da zancen.

Ranar farko babu wanda ya taɓa fensir. Malam ya ɗora gwangwanin madara da wani ɗan kwali mai kamar girmansa a kan tebur, ya sa muka durƙusa har idonmu ya yi daidai da bakin teburin, ya ce kowa ya faɗi siffar da yake gani ba tare da ya kula da rubutun jiki ko launi ba. Duka biyun suka ba mu siffa iri ɗaya mai kusurwa huɗu. Ya sa muka koma gefe, aka sake samun haka. Sai da muka miƙe muka leƙa daga sama sannan gwangwani ya zama da'ira, kwali kuma ya tsaya a kusurwa huɗunsa. Da wannan ɗan gwaji ya kafa mana tushen darasin gaba ɗaya: fuska ɗaya ba ta isa ta bayyana abu mai tsawo da faɗi da kauri, fuska biyu ma sukan yaudari mutum, shi ya sa aka saba zana uku, ta gaba da ta sama da ta gefe, a jera su bisa ƙa'ida ta yadda duk wanda ya iya karatun zai haɗa su a zuciyarsa ya ga abin kamar yana riƙe da shi. Wannan shi ne abin da masu fannin suke kira zanen otogirafik, Malam kuwa yakan ce zanen fuska-fuska.

Ya bambanta mana shi da hoto da misalin da duk ɗan Bauchi ya sani. Wanda ya tsaya a kan tsohon layin dogo a unguwar Railway ya dubi nesa, zai ga ƙarafan biyu suna matsowa har su haɗu, alhali tazarar milimita 1067 da ke tsakaninsu ba ta ragu da ko ɗaya ba. Haka ido yake gani, haka kyamara take ɗauka, kuma shi ya sa ba a yanka ƙarfe da hoto. A zanen fuska-fuska ana ƙaddara cewa layukan kallo suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, kuma suna sauka a kan takarda a miƙe, a kusurwar digiri 90, ta yadda abin da ke nesa da abin da ke kusa duk za su fito da awonsu na gaskiya muddin fuskar tana kallon mai zane kai tsaye.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na bulo, wanda ya ci mako na biyu da rabin na uku. Malam ya sa aka shigo da bulo mai inci tara, irin mai rami biyu da ake gini da shi ko'ina, wanda awonsa na ƙa'ida shi ne tsawo milimita 450, faɗi 225, tsayi 225. Da muka sa tef muka tarar wanda ke gabanmu ya ɗan gaza, kafinta ya yi dariya ya ce wannan ba sabon abu ba ne, Malam kuma ya ce mu zana na ƙa'idar. Takardarmu A3 ce, mai milimita 420 da 297, bulo ba zai shiga cikinta da girmansa ba, saboda haka muka rage shi da ma'aunin 1:5, wato 450 ta koma 90, 225 ta koma 45, amma lambar da za a rubuta a jikin zane ita ce ta ainihin bulon. Fuskar gaba ta fito doguwa mai kusurwa huɗu, babu komai a jikinta. Fuskar sama ta nuna ramukan biyu a fili. Sai Malam ya tambaya ko ramukan sun daina wanzuwa ne don mun koma gaba ba ma ganinsu, kuma a nan ya shigo da layin ɓoye, wato siririn layi mai gutsi-gutsi da ake nuna gefen da yake nan amma wani abu ya tare shi. Muka sauko da layukan nan guda huɗu a tsaye a fuskar gaba, kowanne daidai da bakin rami a fuskar sama, muka sa biyu a fuskar gefe. Ina cikin ja sai gabana ya faɗi, domin na tuna akwai irin waɗannan gutsi-gutsin a gefen dama na siffar tsakiya a zanen akwatunana, waɗanda na ɗauka tawadar injin buga takarda ce ta yi rauni.

A kan bulon nan ne kuma ya nuna mana dalilin da ya sa ba a jefa fuskokin inda aka ga dama. Fuskar gaba da ta gefe tsayinsu ɗaya, saboda haka dole su zauna a layi ɗaya. Fuskar gaba da ta sama tsawonsu ɗaya, saboda haka ɗaya tana daidai kan ɗaya. Faɗin da ke fuskar sama shi ne ke fuskar gefe, kuma maimakon a sake aunawa da rula, sai a ja layi mai digiri 45 a kusurwar da ta rage babu komai, a kai kowane awo ya bugi layin ya juya zuwa ɗaya fuskar. Yarona, wanda karatun boko bai daɗe da shi ba, shi ya riga kowa kama wannan dabara, har wata ɗalibar jami'a ta matso tana kallon hannunsa. Da muka koma shago washegari ya ce mini, "Oga, ashe zanen ma jigi gare shi kamar ƙofa, in ka saita ɗaya sauran su bi."

Malam mutum ne mai tsanani a kan layi, kuma a nan wasu za su gaji da shi. Layin da ake gani dole ya zama mai kauri da duhu, layin awo da na saukar da fuska siriri, kaurin na farko ya ninka na biyu. Layin tsakiyar rami ko da'ira dogo ne da ɗan gajere a jere, kuma sai ya ɗan wuce bakin da'irar. Fensir 2H, mai tauri da layi mara duhu, na shimfiɗa aiki ne, H ko HB masu ɗan laushi na fito da shi. Awo sau ɗaya ake rubuta shi, a fuskar da ya fi bayyana, da milimita, kuma haramun ne a wurinsa mutum ya ɗora rula a kan zane don neman awon da ba a rubuta ba. Wata rana ya tsaya a kaina ya daɗe yana duban takardata, sannan ya ce, "Alhaji, wannan layin ɓoye ne ko tururuwa ce ta fito kiwo?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, hannun ya saba da ƙarfe ne." Ya ce ai walda ma layi ce, wanda ya iya tafiyar da wuta daidai ba zai kasa tafiyar da fensir ba, ya sa na goge na sake har sau uku. Ban ji daɗi ba a lokacin, amma ban ga inda ya fifita wani ba, domin haka ya yi wa 'yan jami'ar ma.

Kafintan nan ya samu nasa rabon a mako na huɗu, lokacin da aka zo kan fuska mai gangare. Malam ya zana rufi wanda raftansa, wato katakon da ke gangarowa daga tsororuwa zuwa bango, ya hau mita 3 a cikin tafiyar mita 4, ya tambayi tsawon raftan. Duk maginin da ya taɓa fitar da kusurwar gida da igiya ya san lissafin 3 da 4 da 5, saboda haka amsar mita 5 ce, amma a fuskar sama raftan nan mita 4 kawai yake nunawa, domin gangare yana gajarta idan an leƙo shi daga sama. Wanda ya ƙirga kwano da katako daga fuskar sama kaɗai zai sayo kashi huɗu cikin biyar na abin da ake bukata. Kafinta ya yi shiru, can ya ce shi bai taɓa yin wannan kuskure ba domin ido ya saba, amma ya sha faɗa da masu gida da suke zarginsa da ƙarin kwano, kuma yau ya samu abin da zai nuna musu a takarda. Haka nan rami mai da'ira idan yana jikin gangare yakan koma siffar ƙwai a sauran fuskokin, kuma mun kwashe yamma guda muna fitar da wannan siffa ɗigo bayan ɗigo.

Koyarwar da Hausa ake yin ta, ana tsarma kalmomin Turancin da 'yan jarabawa za su tarar a takardar tambaya, kuma wannan shi ne babban abin da ajin ya fi wasu da shi. Sai dai akwai inda harshen ya kawo ruɗani. Mu a wurin aiki idan aka ce filan, ana nufin takardar zanen gida dukanta, a aji kuwa filan fuskar sama ce kaɗai. Bugu da ƙari, filan ɗin gida ba leƙe ne daga saman rufi ba, yanka ne ake ƙaddarawa a daidai tsayin taga a ɗauke saman, shi ya sa ake ganin ɗakuna da ƙofofi. Malam yakan ce filan a nan, ya ce fuskar sama a can, wani lokaci ya ce kallon tsuntsu, kuma sai da aka yi kwanaki kafin wasu yaran su gane abu ɗaya yake nufi. Da zai rubuta kalmomin nan a gefen allo tun ranar farko ya tsaya a kansu, da an huta.

Amsar tambayar da ta kawo ni ba ta zo ba sai a mako na shida. A ranar ya fara da ɗan tarihi, cewa wani masanin lissafi ɗan Faransa mai suna Gaspard Monge, wanda ya rayu daga 1746 zuwa 1818, shi ne ya tsara wannan hanya a matsayin ilimi mai ƙa'ida tun yana aiki a makarantar injiniyoyin soja, inda aka riƙe ta a matsayin sirrin soja shekaru da dama kafin littafinsa ya fito a 1799. Sai ya ɗauko kwali biyu da ya tsaga ya sarƙa su, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, suka ba da ɗakuna huɗu, ya ce waɗannan su ne kusurwoyi huɗu, kuma ana iya ajiye abin da za a zana a kowanne. Idan aka naɗe kwalin kwance ya haɗu da na tsaye don su zama takarda ɗaya, fuskokin kusurwa ta biyu da ta huɗu sukan hau kan juna su cakuɗe, shi ya sa duniya ta tsaya a kan ta ɗaya da ta uku.

A kusurwa ta ɗaya abin yana tsakanin mai kallo da takarda, kamar mutum ya haska tocila inuwa ta faɗa a bangon baya. Abin da aka gani daga hagu yana sauka a dama, abin da aka gani daga sama yana sauka a ƙasa. Malam ya ba kowa kwalin ashana ya ce a ajiye shi a kan takarda a mirgina shi zuwa dama, kuma kowa ya ga da idonsa cewa gefen hagu ne ya dawo sama. A kusurwa ta uku kuwa takardar ce take tsakanin mai kallo da abin, kamar mutum ya tsaya a bakin taga yana bin siffar abin da ke ciki da alli a jikin gilashi. Don wannan ya fito da wani akwati da ya haɗa da roba mai garai-garai, an liƙe gefunansa da salatif, ya sa kwalin ashana a ciki, ya zana kowace fuska a jikin robar da ke gabanta, sannan ya buɗe akwatin ya shimfiɗa shi a tebur. Fuskar sama ta kwanta a sama, fuskar dama ta kwanta a dama. Ƙasashen Turai da Sin da Indiya sun fi bin kusurwa ta ɗaya, Amurka da Kanada da Jafan suna bin ta uku, kuma domin kada a rikice akwai alamar da ake sakawa a akwatin bayani da ke kusurwar ƙasa ta dama a takarda. Siffa ce kamar ɗan bokiti a kwance, da zobe biyu, ƙarami cikin babba, a gefensa. Idan zobban suna wajen baki mai faɗi, kusurwa ta ɗaya ce, idan kuma suna wajen gindi mai tsuke, ta uku ce.

Daren nan na tono tsohon zanen daga ƙarƙashin rasitai a durowar shago. Bokitin yana nan a kusurwar takarda, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, zobbansa a wajen gindi. Fuskar sama tana sama, inda ya kamata tun farko ta sa ni shakka. Layukan ɓoyen ramukan suna gefen dama na fuskar gaba. Sau uku takardar ta gaya mini inda zan huda.

A nan ne kuma babban ƙorafina yake. Wannan bambanci, wanda a wurin mai aikin hannu shi ne yake raba riba da asara, yamma ɗaya tak aka ba shi, da aikin gida guda ɗaya, daga nan aka koma kusurwa ta ɗaya har ƙarshe. Na yi wa Malam magana bayan an tashi, ya ce dalilinsa shi ne yana so hannu ya zauna a kan tsari ɗaya kafin a kawo masa na biyu, domin ya sha ganin yara sun haɗa su biyun a takarda ɗaya sun rasa duka. Hujjarsa tana da ƙarfi a kan ɗan makaranta, amma ban gamsu da ita a kan irinmu ba. Mu ba zane muke yawan yi ba, karanta na wasu muke yi, kuma yau takarda takan zo ta waya daga kowace ƙasa, yau ta injin da aka yi a Sin, gobe ta kayan da aka tsara a Amurka. A ganina ya kamata a nuna alamar bokitin nan tun mako na biyu, a riƙa kawo zane iri biyu ana tambayar ɗalibi wanne ne wanne, ko da ba a sa shi ya zana ba.

Kayan aiki ma suna bukatar gyara. Allon zane tara ne ga mutum 14, saboda haka wasu sukan jira wasu, kuma wanda ya makara a kan benci zai shimfiɗa takardarsa, inda ti-sukwaya, wato rula mai siffar T da ake jan layin kwance da ita, ba ta da gefen da za ta bi. Ana sayar da kayan zane a wurin a farashin da bai wuce na kasuwar Wunti ba, amma set-sukwaya, wato rula mai kusurwa uku, ta robar da na saya, mai digiri 30 da 60, ba ta cika ba. Na gane haka ne da gwajin da muke yi wa sukwayar shago: na ja layi a tsaye, na juya ta ɗaya gefen na sake ja daga tushe ɗaya, sai layukan suka rabu a sama da kusan milimita ɗaya. Malam ya canza mini ba tare da musu ba, har ya sa kowa ya gwada tasa, aka sami wasu biyu masu irin wannan aibi. Na yaba da yadda ya karɓi maganar, amma da an gwada kayan kafin a sayar da ya fi. Haske kuwa taga ɗaya ce da ƙwan lantarki ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta wajen ƙarfe shida, layin 2H ɓacewa yake yi a ido, musamman ga mu da shekaru suka fara ja. Zamanmu ya faɗo cikin hunturu, ƙura tana sauka a takarda, hannu yana bi yana shafawa, sai mutum ya gama aiki ya ga farar takarda ta koma ruwan ƙasa. Takardun aikin gida kuma an yi ta kwafarsu daga kwafi har layin ɓoye da layin tsakiya sun zama abu ɗaya, wanda a darasin da ya ginu a kan bambancin layi ba ƙaramin aibi ba ne.

Takardar tallan ajin ta ce za a koyar da zane da kwamfuta a makon ƙarshe. Abin da aka yi shi ne wani matashi ya zo da kwamfutar hannu guda ɗaya, ya buɗe AutoCAD, manhajar da ta fito tun 1982, ya zana bulon nan namu cikin 'yan mintoci muna tsaye a bayansa muna kallo. Babu ɗalibin da ya taɓa madanni. Na yarda da Malam cewa kwamfuta ba ta ba mutum idon da bai da shi, kuma na ga shaida, domin ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta nuna wa matashin cewa ya manta layukan ɓoye a fuskar gefe. Duk da haka, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma ko dai a samo kwamfutoci ko a cire wannan layi daga talla.

Zanen aisometirik, wanda ake karkata layukan kwance da digiri 30 don abu ya fito da fuska uku a siffa ɗaya, an yi shi kwana biyu, galibi ta hanyar ba mu shi mu fitar da fuskokin daga cikinsa. Zanen yanka, mai siraran layuka a karkace a inda wuƙa ta bi, an taɓa shi ne kawai. Takardar shaidar da ake bayarwa ta halarta ce, kuma Malam ya faɗa tun ranar rajista cewa ba ta tsaya a madadin ta NABTEB ko wata jarabawar hukuma ba.

Ɗan makarantar da yake ganin zanen fasaha kamar tsafi zai amfana ƙwarai da wannan aji, haka ma mai walda da kafinta da birkila da makanike da ake kawo wa takarda suna juya ta suna tambayar mai ita. Wanda ya riga ya iya tushen kuma kwamfuta yake nema, ya nemi wani wurin. A shagona yanzu babu ƙarfen da ake yankawa sai yarona ya fitar da fuska uku a takarda, mai aiki ya duba ya sa hannu, kuma makon jiya wannan ya hana mu yin ƙofar gareji mai buɗewa ciki alhali mai gida waje yake so. Za a buɗe sabon zango bayan ƙaramar salla, na riga na rubuta sunan yarona na biyu, kuma na yi alkawarin haɗa ƙafafun ƙarfe na allo biyar idan Malam ya samo katakon. Maganar dawo da kusurwa ta uku farkon zango kuwa na sake tayar da ita ranar da muka karɓi takardun shaida, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, bari mu ga yaran da za su zo tukuna."